Bindiga A Cikin Taron Jama'a: Rigimar Da Ta Kai Jihar Teksas Gaban Kotu

Kowace shekara idan kaka ta yi, birnin Dalas da ke Jihar Teksas ta ƙasar Amurka yakan cika ya batse saboda wani bikin bajekoli da aka fara tun 1886. Kwana 24 ake yi ana cin kasuwa, ana nunin shanu da motoci, yara suna hawan lilo, kuma kafin a tashi mutanen da suka shiga filin sukan haura miliyan 2. A watan Agusta na 2024 masu shirya bikin suka ba da sanarwa cewa daga wannan shekara ba wanda zai ƙara shiga da bindiga, ko da yana da lasin gwamnati a aljihunsa, in ban da 'yan sanda masu aiki da waɗanda suka yi ritaya.

Mai karatu a nan gida zai iya cewa, to mene ne abin labari a ciki? Amma a Teksas wannan sanarwa ta ta da ƙura ba kaɗan ba. 'Yan majalisar jiha fiye da 70 na jam'iyyar Rifablikan suka sa hannu a takardar koke suna neman a janye ta. Babban lauyan gwamnatin jiha, Ken Paxton, ya ba hukumar birnin Dalas wa'adin kwana 15, da wa'adi ya cika kuwa ya garzaya kotu. Alƙaliyar kotun farko ta ƙi dakatar da hanin, kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi, Kotun Ƙoli ta jihar ita ma ta ƙi ana jajibirin buɗe biki. Ranar 27 ga Satumba 2024 aka buɗe ƙofa, kowa ya bar bindigarsa a gida ko a mota.

Abin da ya jawo hanin shi ne harbin da aka yi a filin ranar 14 ga Oktoba 2023. Wani saurayi ɗan shekara 22 ya zaro ƙaramar bindiga a zauren da ake sayar da abinci, ya yi harbi, mutum 3 suka ji rauni, aka kwashe jama'a daga filin cikin firgici. Ba a rasa rai ba. Kafin wannan rana, duk mai lasin yana iya shiga da bindigarsa muddin ya ɓoye ta cikin tufafi.

Tushen gardamar

Domin mu fahimci dalilin da ya sa magana irin wannan take kai mutane kotu, sai mun koma ga tsarin mulkin Amurka. Gyara na biyu da aka yi masa a 1791 ya ba jama'a 'yancin mallakar makamai da ɗaukar su. A 2008 Kotun Ƙoli ta ƙasa ta yanke cewa wannan 'yanci na kowane mutum ne a kan kansa, yana iya ajiye ƙaramar bindiga a gida don kare kai. A watan Yuni na 2022 kuma, a shari'ar da aka fi sani da sunan Bruen, ta faɗaɗa shi ya kai waje, wato kan titi da kasuwa. Ta ƙara da wani sharaɗi mai nauyi: duk dokar da za ta taƙaita ɗaukar bindiga, dole gwamnati ta nuna cewa tana da makamanciyarta a tarihin dokokin ƙasar. Kotun ta yarda akwai wuraren da za a iya hanawa, irin su majalisa da kotu da rumfar zaɓe, amma ta ce yawan jama'a kaɗai bai isa hujjar da za a mai da gari guda wurin hani ba. Tun daga lokacin alƙalai suke ta tonon tsofaffin kundaye, ana jayayya ko filin wasa da lambun shaƙatawa da majami'a suna cikin waɗannan wurare.

Ga kuma yawan bindigogin. Wani ƙiyasi na 2017 ya nuna akwai kimanin miliyan 393 a hannun farar hula, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. A 2021 mutum 48,830 ne bindiga ta yi sanadin ajalinsu, fiye da rabinsu su suka harbe kansu. Zuwa 2024 jihohi 29 cikin 50 sun soke wajabcin lasin, Teksas ta shiga sahunsu tun ranar 1 ga Satumba 2021. Saboda haka idan mutum ya tsaya cikin taron dubu hamsin a irin waɗannan jihohi, ba shakka akwai bindigogi da dama kewaye da shi, sai dai bai san aljihun wa suke ba.

Shari'ar Dalas dai a kan mallakar fili ta tsaya. Dokar Teksas ta hana hukumomin gwamnati su kori mai lasin daga filin gwamnati, amma mai gida ko mai kanti yana da ikon ya ce ba a shigo masa da bindiga. Filin bajekolin na hukumar birni ne, masu shirya bikin kuwa ƙungiya ce mai zaman kanta da ta karɓi haya. To, wa ya hana, mai fili ko ɗan haya? Abin ban dariya, shi Paxton da kansa ya taɓa ba da fatawa a 2016 cewa ƙungiya mai zaman kanta da ta yi hayar filin gwamnati tana iya hanawa. Ana tsakiyar wannan shari'a ya janye fatawar tasa.

Irin wannan ƙulli ya taɓa cinye biki guda a wata jiha. A 2022 aka soke babban bikin kiɗa da ake yi a wani lambun gwamnati a birnin Atlanta na Jihar Jojiya. Masu shiryawa ba su fito fili sun faɗi dalili ba, amma jaridun garin sun ruwaito cewa dokar jiha ce ta ɗaure musu hannu, domin mai hayar 'yan kwanaki ba shi da ikon hana bindiga a filin gwamnati, su kuwa ba su yarda su tara dubban matasa a haka ba. Wani lokaci ma abin yakan zama kamar almara. A babban taron jam'iyyar Rifablikan na 2016 a birnin Kilibilan, hukumar gari ta hana shiga yankin da ke kewaye da zauren taro da ƙwallon tanis da bindigar ruwa ta wasan yara, amma ba ta iya hana bindiga ta gaske ba, saboda dokar Jihar Ohayo ta fi ƙarfinta.

Hujjar masu cewa a bari

Kada mu ɗauka masu adawa da hanin mahaukata ne. Suna da hujja, kuma hujjar da jini aka rubuta ta. Ranar 16 ga Oktoba 1991 wani mutum ya kutsa da motarsa cikin wani gidan abinci a garin Killeen na Teksas, ya fito yana harbi, ya kashe mutum 23. Cikin waɗanda suka tsira akwai wata mata, Suzanna Hupp, wadda mahaifinta da mahaifiyarta suka mutu a wurin. Tana da ƙaramar bindiga, amma ta bar ta a mota saboda dokar lokacin ta hana ta ɗauka. Ta zagaya majalisu tana ba da wannan shaida, daga baya ita ma ta zama 'yar majalisar jiha. A 1995 Gwamna George W. Bush ya sa hannu a dokar da ta ba mutanen Teksas damar neman lasin ɗaukar ɓoyayyar bindiga. Wanda ya saurari labarin wannan mata ya ce bai ji komai a ransa ba, to da sauransa.

Abin da suke cewa a taƙaice shi ne: allon da aka rubuta "ba a shiga da bindiga" mai bin doka kaɗai yake tsayarwa, mugu kuwa ko kallonsa ba ya yi. Sun nuna cewa saurayin da ya yi harbi a Dalas ba shi da lasin, wato ko a tsohuwar ƙa'ida bai kamata ya shiga da bindiga ba, don me za a hukunta masu lasin da laifin wanda ba nasu ba? Sukan kuma tuna wa jama'a Uvalde, inda a ranar 24 ga Mayu 2022 jami'an tsaro 376 suka taru a wata makarantar firamare, aka shafe minti 77 kafin a shiga ajin da maharin yake, yara 19 da malamai 2 suka mutu. In hukuma za ta iya yin haka, in ji su, kada ta ce mu miƙa mata rayukanmu a bakin ƙofa.

Babban misalinsu kuwa a cikin majami'a ya faru. Bayan kisan da aka yi wa masu sujada 26 a ƙauyen Sutherland Springs a watan Nuwamba 2017, majalisar Teksas ta fayyace doka cewa mai lasin yana iya shiga wurin ibada da bindiga sai in shugabannin wurin sun hana. Ranar 29 ga Disamba 2019, a wata majami'a da ke garin White Settlement, wani baƙo ya miƙe ana cikin sujada ya zaro bindiga ya harbe mutum 2. Cikin kimanin daƙiƙa 6 wani dattijo mai suna Jack Wilson ya harbe shi da harsashi ɗaya. Akwai mutum fiye da 200 a ɗakin.

Harbi iri biyu ne

Mu dai a namu ganin, masu shirya bajekolin Dalas sun yi daidai, kuma dalilinmu shi ne ana cakuɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba su. Idan aka bi tashe-tashen bindiga da suka auku a manyan taruka a shekarun nan, za a ga sun kasu gida biyu, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayan.

Na farko shi ne mutumin da ya yi shiri ya zo kisa. Mafi muni shi ne na Las Vegas ranar 1 ga Oktoba 2017, inda kimanin mutum 22,000 suka taru a filin kiɗa. An binciki kowa a ƙofa, ba a shiga da makami ba. Maharin bai ma kusanci ƙofar ba. Yana hawa na 32 na wani otal da ke tsallaken titi, ya fasa taga ya zuba harsashi fiye da 1,000 cikin minti 10. Mutum 58 suka mutu a lokacin, wasu 2 daga baya. Haka aka yi a Highland Park ta Jihar Ilinoi ranar 4 ga Yuli 2022, daga kan rufin kanti aka harbi masu kallon faretin ranar 'yanci, 7 suka mutu. Daga rufi aka harbi Donald Trump a Butler a watan Yuli 2024, daga rufi kuma aka kashe Charlie Kirk a wata jami'ar Jihar Yuta a watan Satumba 2025, alhali dokar wannan jiha ta yarda masu lasin su shiga harabar jami'a da bindiga. A duk waɗannan, hani a ƙofa bai tsare kowa ba, gaskiya ne. Amma bindigar da ke aljihun 'yan kallo ita ma ba ta tsare kowa ba. Wani makaɗi ɗan Teksas da ya yi wasa a filin Las Vegas a wannan rana, Caleb Keeter, ya bayyana washegari cewa abokan aikinsa suna da bindigogi masu lasin a cikin motarsu, amma ba su iya ko taɓa su ba, don tsoron kada 'yan sanda su ɗauke su maharan. Irin wannan hari, sai dai hukuma ta tsare rufi da tagogi tun kafin jama'a su taru.

Na biyu shi ne wanda ba ya cika shiga kanun labaran duniya, wato cacar baki da ta rikiɗe ta zama harbi saboda akwai bindiga a kusa. Ranar 14 ga Fabrairu 2024 mutanen birnin Kansas na Jihar Misuri suka fito ƙwansu da kwarkwatarsu suna murnar kofin da ƙungiyar ƙwallonsu ta ci. An baza 'yan sanda fiye da 800. Ana gab da watsewa gardama ta kaure tsakanin wasu samari, nan take bindigogi suka fito. Wata mata mai 'ya'ya biyu ta mutu, mutum fiye da 20 suka ji rauni, kusan rabinsu yara. Masu gabatar da ƙara na tarayya sun ce mutum 12 ne suka zaro bindiga a wurin, aƙalla 6 daga cikinsu suka harba. Babu alamar wani cikinsu ya fito daga gida da niyyar kashe wannan mata. Da hannu kawai suke da shi, da abin ya tsaya a dambe da yagar riga, a raba su kowa ya kama gabansa. Misuri ta soke wajabcin lasin tun farkon 2017.

A nan ne ƙa'idar ƙofa take aiki. Duk wanda ya taɓa riƙe layi a wurin taro ya san yadda zafin rana da turereniya da giya suke taƙaita haƙurin mutane. An taka wa wani ƙafa, an kalli budurwar wani, an tsallake layi. Cikin mutum miliyan 2 ba za a rasa ɗaruruwan irin waɗannan ba, kuma lasin ba ya auna zuciyar mutum a lokacin fushi. Bugu da ƙari, harsashin da aka harba cikin cunkoso ba ya faɗuwa ƙasa a banza, in ya kuskure wanda aka nufa, zai sami wanda ke bayansa.

Game da cewa maharin Dalas ba shi da lasin, wannan magana tana da nauyi, amma ba ta rushe hanin ba. Mai tsaron ƙofa da aka ce masa ya bar wasu bindigogi su wuce ya tsayar da wasu, aikinsa ya ninka: zai duba kati, ya duba fuska, layi yana tsawo, jama'a suna masa tsawa. Wanda aka ce masa duk ƙarfen da na'ura ta yi wa kuka a mayar da shi, aikinsa mai sauƙi ne. Haka kuma ɗan sandan da ke cikin fili, in ya hango bindiga a hannun farar hula, ba sai ya tsaya tunani ba, ya san an karya ƙa'ida.

Wannan batu na ƙarshe shi ne wanda masu cewa kowa ya ɗauki tasa suka fi kauce wa. Idan harbi ya tashi, mutum goma suka zaro bindiga, wa zai gane mugu daga mai ceto? A garin Arvada na Jihar Kolorado, ranar 21 ga Yuni 2021, wani mutum ya harbe ɗan sanda a dandalin kasuwa. Wani mai sayayya, Johnny Hurley, ya fito da ƙaramar bindigarsa ya kashe maharin, ya kuma ɗauki doguwar bindigar da ta faɗi. Ɗan sandan da ya iso a wannan daƙiƙa ya ga mutum riƙe da doguwar bindiga, ya harbe shi har lahira. Hukumar 'yan sanda ta kira Hurley gwarzo, amma a makabarta ya karɓi yabon. Wannan a dandalin ƙaramin gari ke nan, ina ga filin da dubun dubata ke gudu suna ihu?

In muka koma majami'ar White Settlement ma, labarin yana da sauran bayani. Jack Wilson ba baƙon da ya shigo da bindiga a aljihu ba ne. Shi ne shugaban masu tsaro na sa kai da ikkilisiyar ta naɗa, ya taɓa aiki da ofishin 'yan sandan gunduma, kuma malamin koyar da harbi ne. Shi da mutanensa sun riga sun sa wa baƙon ido tun shigowarsa, saboda gemun ƙarya da gashin ƙarya da ya sa. Jama'ar ikkilisiya sun san shi, ya san su, akwai waɗanda zai amsa wa tambaya. Abin da wannan rana ta nuna shi ne amfanin mai tsaro sananne, horarre, wanda aka ɗora wa nauyi. Masu bajekolin Dalas ma ai ba su ce a kwashe bindiga daga filin gaba ɗaya ba, 'yan sanda suna nan da nasu. Tambayar ita ce a hannun wa za ta kasance, kuma wa zai amsa in ta tashi.

Tarihi ya ce me?

Tun da Kotun Ƙoli ta ce tarihi ne alƙali, bari mu leƙa shi kaɗan. A Ingila, inda dokokin Amurka suka samo asali, an yi wata doka tun 1328 da ta hana yawo da makami a kasuwanni da wuraren bajekoli. Ita kanta Teksas, a 1870, majalisarta ta haramta shiga majami'a ko makaranta ko zauren rawa ko rumfar zaɓe ko wani taron jama'a da bindiga ko wuƙa. A garin Tombstone na yammacin ƙasar, wanda finafinan kaboyi suka sa aka sani, dokar gari ta 1881 ta ce baƙo ya ajiye bindigarsa in ya shigo. Har yau ɗin nan dokar Teksas ta hana bindiga a wasannin ƙwallo na makarantu da na ƙwararru, da kuma mashayar da giya ce mafi yawan cinikinta. Akwai babban filin ƙwallo a tsakiyar harabar bajekolin Dalas ɗin, inda jami'o'i biyu ke karawa kowace shekara ana cikin biki, kuma ba a shiga kallon wasan da bindiga. Ko taron ƙungiyar masu bindiga ta ƙasa, lokacin da Trump ya je jawabi a Dalas a 2018, jami'an tsaronsa sun hana shiga zauren da makami, mahalarta kuwa suka bi.

Ɗaya ɓangaren ma suna da nasu kundin. Jojiya ta yi doka a 1770 da ta wajabta wa maza Turawa su je sujada da bindiga. Sai dai ya kamata a faɗi dalilinta: tsoron tawayen bayi ne.

A Jamus ba a ma buɗe wannan ƙofa ba. Tsarin mulkinsu ya ba da 'yancin taro da sharaɗin a yi shi cikin lumana kuma ba makami, dokar makamai ta hana shiga bukukuwa da kasuwannin shekara da su, kuma bayan wani ya kashe mutum 3 da wuƙa a bikin garin Solingen a watan Agusta 2024, sai aka haɗa har da wuƙaƙe.

Inda hanin yake da rauni

Duk da haka, hani bashi ne. Wanda ya ce wa mutum ya bar makaminsa a gida, ya ɗauki alkawarin tsaron ransa daga ƙofa har ya fito, har ma da wurin ajiye motoci. In akwai shinge, da na'urar binciken ƙarfe a kowace ƙofa, da masu tsaro isassu, hanin yana da ma'ana. In allo kawai aka kafa aka bar ƙofar baya a buɗe, to maganar Suzanna Hupp ta tabbata, an kwance wa mai gaskiya ɗamara an bar mugu da tasa. Harbin 2023 a Dalas ya nuna cewa bindiga ta taɓa ratsa binciken nasu, shi ya sa nauyin da ke kansu yanzu ya fi na da. Faretin kan titi irin na Kansas kuwa ba shi da ƙofa, ba mai iya binciken dubban ɗaruruwan mutane da suka shigo ta kowane lungu. A irin wannan wuri maganar ta koma ga dokar jiha baki ɗaya, wa ke iya sayen bindiga, a shekara nawa, kuma ta yaya take kaiwa hannun yaro ɗan shekara 15.

Mu a nan gida

Dokarmu ta bambanta tun daga tushe. Ba mu da 'yancin ɗaukar bindiga a tsarin mulki. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa su kashi uku: manya na yaƙi sai da izinin Shugaban Ƙasa, irin na farauta masu harsashi sai da lasin Sufeto Janar, bindigar toka kuwa Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izini. Dokar taro da jerin gwano ta 1979 kuma ta hana zuwa taro da makami. Amma gardamar Teksas ta riga ta iso mana. A watan Yuni 2022, watan da aka kashe masu sujada kimanin 40 a cocin Katolika na Owo ranar Fentikos, Gwamnatin Zamfara ta ce mutanenta su nemi lasin su mallaki bindiga saboda 'yan fashin daji, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. A majalisun dattawan ikkilisiyoyi da yawa ana ta wannan magana, a ɓoye ko a fili, musamman idan babban taron shekara ko na zumuntar mata ya gabato.

Halinmu ya fi na Dalas tsanani, domin a ƙauyuka da yawa ɗan sanda mafi kusa yana nesa da tafiyar awa guda, kuma masu kawo hari a garke suke zuwa. Ba za mu ɗauki dokar wata ƙasa mu ɗinka wa kanmu riga da ita ba. Abin da za mu iya ɗauka shi ne rarrabewar. Tsaron kewaye, wato hanyoyin shigowa da duwatsu da gonakin da ke bayan fili, aikin hukuma ne da 'yan sintirin da hukuma ta sani, kuma kwamitin taro ya rubuta wa DPO tun da sauran makonni, ya ajiye kofin takardar. A cikin fili kuwa, inda mata da yara suke kwana a kan tabarma, kowa ya bi ta ƙofa ɗaya a bincike shi, har mai wa'azi da direbansa, kuma kada wani ya shigo da abin da dattawa ba su san da shi ba don yana ganin shi ne zai ceci jama'a. Tsakar dare in wani ya ji motsi a cikin dawa ya saki toka, turereniyar da za ta biyo baya tana iya kashe fiye da abin da ya tsorata.

A Teksas dai ba a gama ba. A zaman majalisa na 2025 majalisar dattawan jiha ta amince da ƙudurin da zai tilasta wa masu hayar filin gwamnati su bar masu lasin su shiga, amma ya maƙale a majalisar wakilai har zama ya ƙare. A watan Yuni na wannan shekara alƙaliyar kotun Dalas ta kori ƙarar Paxton, aka kuma yi bikin 2025 da hanin a kansa. Majalisar Teksas sau ɗaya take babban zama cikin shekara biyu, wanda ke biye da na 2025 kuwa shi ne na Janairu 2027.